Gigin tsufa a idon doka: wa aka ce a horar, kuma me za a koya masa?

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ke ɗauke da shekarar 2021 a sunanta. Ita ce ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, wadda aka gada daga Turawan mulkin mallaka, kuma babban abin da ta sani shi ne a kama mai taɓin hankali a tsare. Mutane da yawa a Bauchi da suka ji labarin sun ɗauka magana ce ta masu yawo a bola. Ba su san ta shafi tsohuwar da ke ɗakin tsakar gida ba, wadda ta fara manta sunan jikokinta.

Abin da muke kira gigin tsufa, likitoci cuta suke ɗaukar sa, cutar mantuwa. Ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma nau'in Alzheimer shi ne kashi 60 zuwa 70 na masu cutar. Wani nau'in yana biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, wanda mu nan ba baƙonmu ba ne.

Dokar ba don cutar mantuwa kaɗai aka rubuta ta ba, amma inuwarta ta rufe mai ita. Ta ce mai lalurar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin a kula da shi cikin mutunci, a kare shi daga duka da azabtarwa da ɗauri, a riƙe sirrinsa, a nemi yardarsa kafin magani, ko yardar wakilinsa idan shi ba zai iya ba. Ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun kuɗi domin wannan aiki, ta kuma nufi a shigar da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin asibitocin matakin farko. Wannan na ƙarshen shi ne ya jawo maganar horo. Tsoho daga Ganjuwa ko Itas ba Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa zai fara zuwa ba, ba kuma babban asibitin tarayya na Azare ba. Malamin asibitin garinsu zai fara gani, kuma idan malamin ya ce "tsufa ne kawai, Baba", an gama.

To me ake koya wa malamin? Akwai jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna mhGAP, da aka tsara don ma'aikatan da ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba, kuma tana da babi sukutum a kan cutar mantuwa. Darasin da na fi ganin nauyinsa shi ne bambance ruɗewar da ta zo farat ɗaya da mantuwar da ta ɗauki watanni tana tafe. Dattijon da jiya lafiyarsa ƙalau, yau ya tashi bai san inda yake ba, wataƙila zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko sukarinsa ya faɗi, ko wani magani da ya sha. Wannan na gaggawa ne, kuma galibi yana warkewa. Ana koya wa malamin ya tambayi wanda ke zaune da tsohon, ya auna hawan jini, ya duba ji da gani, ya lura ko ciwon damuwa ne ya yi kama da mantuwa. Ana kuma ja masa kunne kada ya yi saurin ba da maganin sa barci don kawai gida ya samu shiru.

Sai mai jinya, wadda galibi 'ya ce ko matar ɗa. Hajiya ta ƙulle kayanta da la'asar ta ce gidan mahaifinta za ta, alhali ya shekara arba'in da rasuwa. Wadda ba a koya wa ba za ta ce, "Hajiya, ai Malam ya rasu," tsohuwa ta fashe da kuka kamar yau aka yi mata rasuwar, gobe kuma a maimaita. Wadda aka koya wa za ta ce, "To Hajiya, bari rana ta yi sanyi, ga kunu ki sha, ki ba ni labarin gidan." Haka in ta ce an sace mata kuɗi: ba a rantse-rantse, a taya ta nema a ƙarƙashin filo. Hukumar ta duniya tana da darussa na masu jinya a gida mai suna iSupport, kuma a ciki har da yadda mai jinyar za ta kula da kanta, domin wadda ta kwana uku ba barci ita ce ke kaiwa ga kulle ƙofa da kwaɗo. Ban ga laifinta ba kafin na ga na mazan gidan da suka bar mata aikin ita kaɗai. Mafi muni shi ne inda sambatun tsohuwa ke sa a jefe ta da maita.

Akwai wata doka a gefe: ta Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, da aka sa wa hannu a 2018, sai Manufar Ƙasa kan Tsufa ta 2021. Cibiyar ta yi aiki da hukumar ilimin fasaha ta ƙasa wajen fitar da ma'aunin horar da masu kula da tsofaffi, don jinyar ta zama sana'a mai takardar shaida.

Sai dai asibitocin matakin farko a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke, don haka dokar Abuja ba ta isa ƙauye da ƙafarta. A ƙananan hukumomi 20 na Bauchi, hukumar lafiya matakin farko ta jiha ce za ta tara ma'aikatanta ta horar, majalisar dokokin jiha ce za ta ware kuɗin a kasafi, kwalejin fasahar kiwon lafiya ta Ningi da kwalejin koyon aikin jinya ta Bauchi kuma su ne ke yaye waɗanda za su zauna a asibitocin. Waɗannan ukun ya kamata a riƙa tambaya: ma'aikata nawa aka koya wa babin cutar mantuwa bana, kuma a wane asibiti suke?