Waiwaye kan ƙananan halittun da ke tsalle a ƙarƙashin ganye

Duk wanda ya taɓa ɗaga ruɓaɓɓen ganye a gindin mangwaro da damina, ko a lambunan Dadin Kowa inda ƙasa ba ta rabuwa da danshi, wataƙila ya ga wasu 'yan ɗige-ɗige suna tsalle su ɓace. Yawancinmu ƙuma muke ce musu, alhali ba sa cizo ba sa shan jini, abincinsu fumfuna ne da ruɓaɓɓen ganye. Masu ƙunduburin jiki a cikinsu, waɗanda ƙirji da ciki suka haɗe kamar ƙwayar gero, su ne masana suka daɗe suna kai-kawo a kan inda za a ajiye su.

A 1758 masanin halittu ɗan Sweden Carl Linnaeus ya tattara waɗannan masu tsallen duka ya zuba a jinsi ɗaya, Podura, cikin kwari marasa fiffike, shi kenan an gama a ganinsa. Sai wajajen 1870 Baturen Ingila John Lubbock ya ware musu rukuninsu, Collembola, sannan a 1901 Bajamushe Carl Börner ya fitar da masu ƙunduburin jikin daban ya kira su Symphypleona. Nan ma ba a huta ba, don akwai wasu ƙanana sosai da ba su kai milimita ɗaya ba, suna can cikin ƙasa kuma ba su da ido, an daɗe ana lissafa su tare sai a 1971 aka raba su aka ce Neelipleona.

Yanzu ma dai masana da yawa ba sa sa Collembola cikin kwari kwata-kwata duk da ƙafa shida gare su, wai saboda kayan bakinsu a ɓoye suke cikin kai. Kuma fa ba baƙi ba ne, an samu burbushin danginsu a duwatsun Rhynie na Sikotilan mai shekaru sama da miliyan 400.

Tsallen nan kuwa wata 'yar jela ce mai baki biyu naɗe a ƙarƙashin ciki, da an taɓa su sai ta ɓalle ta cilla su sama. Matsalarsu ɗaya bushewa, shi ya sa da hunturu a Gombe da wuya ka gan su a fili sai inda ake ban ruwa ko gindin randa. Akwai mai ɓarna a cikinsu kam, Sminthurus viridis da ke cin ciyawar dabbobi a Ostireliya, ƙwansa na jure rani har ruwa ya sauka ya ƙyanƙyashe.