Me Ake Nufi da "Aikin Mutum-mutumi" a Kan Ciwon Daji?

Kwanan nan kalmar mutum-mutumi ta cika labaran lafiya. A rediyo sai ka ji an ce "mutum-mutumi ya yi wa mai ciwon daji aiki", a intanet kuma a haɗa labarin da hoton wani ƙarfe mai kai da idanu, riƙe da wuƙa. Wannan hoton yana ɓata mini rai, domin yana sa mai ƙari a hanta ya ɗauka za a miƙa shi ga inji ne, likita ya koma gefe ya naɗe hannu.

Rabin ruɗanin daga kalmar yake. A Hausa, mutum-mutumi abu ne da aka yi shi da siffar mutum. Kalmar robot kuwa, wadda ake fassarawa da mutum-mutumi, daga harshen Cek ta fito, daga robota, wato aikin tilas da talaka ke yi wa mai ƙasa, kuma wani wasan kwaikwayo na 1920 ne ya yaɗa ta. Aiki take nuni da shi, babu ruwanta da kamanni. A irin aikin da nake magana a kai, abin da ke cikin ɗakin shi ne hannu guda na ƙarfe a kan keken turawa, da allon kwamfuta.

Wannan aikin ma ba yanka ba ne. Doguwar allura ake sokawa ta fata har tsakiyar ƙarin, ana kallon hoton cikin jiki na na'urar CT, sannan a kashe shi a inda yake. Ko dai da zafi, domin da zarar nama ya wuce digiri 60 ƙwayoyinsa sun mutu, ko kuma da tsananin sanyi, ta amfani da iskar argon. An fi yin haka a hanta da ƙoda da huhu, kuma ya fi ci a kan ƙarin da bai wuce santimita 3 ba.

A ɗauki ƙari mai faɗin santimita 2 a saman hanta, can ƙarƙashin haƙarƙari. Ƙona shi kaɗai bai wadatar ba. Sai an haɗa da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, aƙalla milimita 5 ta kowane gefe, saboda ƙwayoyin cutar da hoto ba ya nunawa. Ke nan wurin da za a ƙona ya koma santimita 3, kuma dole ƙarin ya zauna daidai tsakiya. Allura ta karkace kaɗan, gefe guda ya tsira, cutar ta sake tsirowa daga nan. Ga shi hanta ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana hawa da sauka da kowane numfashi, shi ya sa mai ba da maganin barci yakan tsayar da numfashin na ɗan lokaci. Ga huhu a sama, ga madaciya da hanji a kusa. Idan kuma akwai babbar jijiya a jikin ƙarin, jinin da ke gudana yana kwashe zafin, kamar mai hura wuta a bakin rafi, sai wannan ɓangaren ya ƙi ƙonewa.

Duk wannan a kwamfuta ake warware shi tun allura ba ta taɓa fata ba. Likita ya zana iyakar ƙarin, ya zaɓi mashiga da zurfi, manhaja ta nuna masa iya inda zafin zai kai. Sai hannun ƙarfen ya je ya tsaya a kan wannan layin ba rawa. A yawancin na'urorin, irin su Maxio ta Indiya da Epione ta Faransa, likitan ne ke tura allurar da hannunsa ta cikin abin da ƙarfen ya riƙe. Ba sabon abu ba ne ma: tun 1985 aka yi amfani da hannun masana'anta mai suna PUMA a Kaliforniya wajen saita allurar ɗebo nama daga ƙwaƙwalwa.

A ganina an ba ƙarfen yabon da ya kamata a ba tsarin da ake yi a kwamfuta. Amfanin ƙarfen na gaske ne, yana rage yawan sokawa da gyarawa, ya sauƙaƙa kusurwa mai wuya ga likitan da bai daɗe da farawa ba. Amma idan zanen ya kauce, hannun zai bi kuskuren daidai wa daida. Shi ya sa na fi damuwa da matakin da labarai ba sa ambata: bayan an gama ana sake ɗaukar hoto, a ɗora shi a kan na farko, a auna ko milimita 5 ɗin nan ta cika ta ko'ina. Inda ta gaza, likita ya mayar da allura tun mara lafiya bai farka ba.