Makamashi ba ya zagayowa cikin halittu

Da yawanmu mun taso da tunanin cewa idan dabba ta mutu ta ruɓe, ƙarfin jikinta yana komawa ƙasa, ciyawa ta zuƙe shi, wata dabbar ta ci, haka abin ke ta zagayawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa kuskuren ya daɗe. Abin da ke komawa ƙasa sinadarai ne irin su naitirojin. Makamashi kuwa in ya wuce, ya wuce ke nan.

Daga rana yake zuwa. Ganye ya kama haskenta, ya haɗa ruwa da iskar kabon ya yi sukari. Barewa ta ci ciyawar, amma yawancin abin da ta samu ƙone shi take yi wajen numfashi da gudu da ɗumama jiki, ya fice a matsayin zafi. Zafin nan babu tsiron da zai iya mayar da shi abinci. Hatta ƙananan halittun da ke ruɓar da mushe, ragowar suke ƙonewa don su rayu, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe, a ɗauka makamashin ya koma ƙasa.

Daga aikin masanin Amurka Raymond Lindeman na 1942 aka samo ƙiyasin cewa kusan kashi 10 cikin 100 na makamashin kaɗai ke hawa mataki na gaba, kamar daga ciyawa zuwa barewa, ko daga barewa zuwa zaki. Dalilin ke nan da zakuna ba su taɓa kai barewa yawa ba, kuma da wuya matakan su wuce 4 ko 5.