Wannan 'yar "℮" da ke gefen nauyin kaya, me take nufi?

Ɗauko kwalbar shamfu ko man shafawa irin wanda ake shigowa da shi daga Turai ka duba inda aka rubuta 500ml, sau da yawa za ka ga wata 'yar "e" mai ƙiba a gefe, kamar haka ℮. Na sha jin ana cewa wai alamar orijina ce. A'a, maganar awo ce kawai, kuma doka ce ta ƙasashen Turai tun 1976, mai lamba 76/211, ta shafi kayan da aka ƙunshe daga giram 5 zuwa kilo 10, ko mililita 5 zuwa lita 10.

Su masu dokar sun san inji ba ya zuba daidai cif a kowace kwalba, wata ta ɗara kaɗan wata ta gaza kaɗan, kamar dai mai awon gero, duk gwanintarsa ba za ka samu tiya biyu da suka zo ɗaya ƙwaya da ƙwaya ba. Toh sai suka ce ba kwalba ɗaya za a kama ba, jimillar aikin za a duba.

Mu ɗauki fakitin giram 500. Sharaɗin farko, in aka auna kayan aka raba, matsakaicin nauyin kada ya gaza 500. Sannan an yi wa kamfani rangwamen giram 15, wato fakiti mai 485 ba laifi bane, amma waɗanda suka gaza haka kada su wuce kamar ɗaya cikin 40. Wanda kuma ya gaza da fiye da ninkin rangwamen, ƙasa da 470 kenan, ko guda ɗaya bai halatta ya fita da wannan alamar ba.

Inda abin ya burge ni shi ne yadda jami'in awo yake kama su, don ba zai zauna ya auna fakiti dubu uku ba ai. In yawan fakitin ya kai guda 501 zuwa 3,200 sai ya tsinci 50 ba tare da zaɓe ba, in biyu ko ƙasa da haka ne suka gaza 485 sun tsallake wannan gwajin, in sun kai biyar an ƙi kayan gaba ɗaya, in kuma uku ne ko huɗu, toh abin ya zama da shakku, sai ya ƙara tsintar wasu 50 ya haɗa lissafi, in waɗanda suka gaza ba su fi shida cikin ɗarin ba an tsallake, in sun kai bakwai an faɗi.

Shi ya sa masana'antu ba sa jiran jami'i, da kansu suke cire 'yan samfuri suna aunawa lokaci-lokaci suna ɗigawa a jadawali, da sun ga nauyin ya fara zamewa su gyara inji. Wani masani mai suna Walter Shewhart ne ya fito da wannan dabarar jadawalin a Amurka a 1924.

Sa alamar ba dole bane, amma wanda ya sa ta ya ɗauki nauyin awo da ajiye shaidarsa. Don haka in ka ɗora naka a sikeli ka ga 490 kada ka ce an cuce ka, amma fa ka cire nauyin robar tukunna, dokar abin da ke ciki kawai take ƙirgawa.