Injin busar da kaya a shagon wanki: iska da tazara

Masu buɗe shagon wanki da guga a Jos, daga Farin Gada har Bukuru, tambayoyinku kullum iri ɗaya ne. Ga amsoshin. Don Allah a karanta kafin a kira mai walda.

Zan iya manna injin da bango, shagon ya yi mini kaɗan?

A'a. Bar aƙalla santimita 60 a baya, yadda makaniki zai shiga, da kamar 30 a sama. In littafin injin ya ce fiye da haka, bi littafin.

Bututun fitar da iska na roba fa? Ya fi araha.

Kada ka soma. Na ƙarfe, mai santsi a ciki, kuma ban da sukurun da zai leƙo ciki ya riƙe burbushin auduga. Burbushin nan da ƙyar yake jiran tartsatsi.

Hunturu ya shigo, ba sai in toshe tagogi saboda ƙura da sanyi ba?

Haba Alhaji! Duk iskar da injin ya tura waje sai wata ta shigo ta maye gurbinta. Ka toshe, kaya su ƙi bushewa, wutar gas ta koma ruwan ɗorawa maimakon shuɗiya, yaran shago su fara kukan ciwon kai. Wannan gubar hayaƙi ce marar wari, tana kisa. Huda bango a bayan injinan, a bar shi buɗe dare da rana.

Injina uku gare ni, zan iya haɗa su a bututu ɗaya?

To, nan sai a hankali. Abin da ya fi, kowanne da nasa, gajere, kai tsaye zuwa waje. Amma na san shagunan plaza, wani shagon bango ɗaya kawai yake da shi mai kallon waje. In dole ce, ana yi, da sharaɗi. Babban bututun ya riƙa ƙara faɗi duk inda wani inji ya shigo, kuma kowane reshe ya shiga a karkace, kamar digiri 45, yana bin hanyar da iskar ke tafiya. Kowane inji da murfin da ke hana iska dawowa, in ba haka ba wanda ke aiki zai hura danshi cikin wanda aka kashe. A bar ƙofar shara a jikin babban bututun. Ko da an yi duk wannan, tsawo da yawan gwiwa na iya ɓata lissafin, don kowace gwiwa tana cin ƙarfin fanka. Musamman in injin na hannu ne daga Amurka: an ƙera shi don lantarki mai 60Hz, namu 50Hz ne, fankarsa ba ta gudu yadda ya kamata. Wani wurin sai an ƙara fanka, wani ba sai an ƙara ba. Sai wanda ya iya ya zo ya auna.

In sa raga a bakin bututun saboda ɓeraye?

A'a, za ta toshe. Sa murfi mai buɗewa da kansa.

An ce gas ɗin Jos daban ne?

Kwantar da hankalinki Hajiya, gas ɗaya ne. Garin ne ke kan tudu, wajen mita 1,200, iskarsa ba ta kai ta Legas kauri ba, don haka ana rage bakin da gas ke fita. A kuma tabbatar an juya injin zuwa gas ɗin tukunya. Tukwanen su zauna a waje, domin wannan gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya a ƙasa yake kwanciya.