Bambancin launin fata a hukuncin kotunan Amurka

Bambancin launin fata a yanke hukunci shi ne a samu mutum biyu da suka aikata laifi iri ɗaya, kuma tarihin laifinsu ya yi kama da juna, amma hukuncin ɗaya ya fi tsanani saboda launin fatarsa ko launin fatar wanda aka yi wa laifin. An fi nazarin lamarin a Amurka, inda baƙaƙen fata ke da kusan kashi 13 cikin 100 na jama'ar ƙasar, amma su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna gidajen yari.

Bayan 'yanta bayi

Gyara na 13 da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1865 ya haramta bauta da aikin tilas, sai dai ya keɓe wanda kotu ta samu da laifi. Ta wannan kafa jihohin kudu suka bi. Misisipi na cikin waɗanda suka fara kafa dokoki na musamman kan 'yantattun bayi a wannan shekarar. Baƙar fatar da aka samu ba shi da takardar shaidar aiki, sai a kama shi da laifin zaman kashe wando, a ci shi tara. In ya kasa biya, a miƙa shi ga wanda zai biya masa, ya yi masa aiki. Daga nan aka shiga bayar da fursunoni haya ga masu gonakin auduga da masu haƙar kwal da kamfanonin shimfiɗa layin dogo. Mai haya ba shi da asara in fursuna ya mutu, domin za a kawo masa wani, shi ya sa mace-mace suka yi yawa a sansanonin. Alabama ce ake yawan ambatawa a matsayin jiha ta ƙarshe da ta daina wannan haya, a 1928.

Tun a 1880 Kotun Ƙoli ta ce dokar da ta hana baƙaƙen fata shiga cikin masu taya alƙali yanke hukunci ta saɓa wa tsarin mulki. A takarda ke nan. A aikace an ci gaba da cire sunayensu shekaru da dama. A 1931 aka kama samari tara baƙaƙen fata a Alabama bisa zargin yi wa mata biyu fararen fata fyaɗe a jirgin ƙasa, aka yanke wa takwas hukuncin kisa cikin 'yan kwanaki, duk da cewa daga baya ɗaya daga cikin matan ta janye maganarta. Wannan shari'a, da aka fara a garin Scottsboro, sau biyu tana zuwa Kotun Ƙoli, a 1932 kan rashin lauyan kirki, a 1935 kuma kan ware baƙaƙen fata daga masu yanke hukunci.

Shari'ar George Stinney ta fi kowace nuna yadda abin yake a kusa. Yaro ne ɗan shekara 14 a jihar Karolina ta Kudu, aka zarge shi da kashe 'yan mata biyu fararen fata a 1944. A yini ɗaya aka yi shari'ar aka gama. Masu yanke hukuncin duk fararen fata ne, kuma an ce shawararsu ba ta wuce minti goma ba. Ba a ɗaukaka ƙara ba. An kashe shi a kujerar lantarki a shekarar, sai a 2014 wata alƙaliya ta soke hukuncin, ta ce ba a yi masa shari'ar adalci ba.

Hukuncin kisa

Daga 1930 zuwa wajen ƙarshen shekarun 1960, an zartar da hukuncin kisa kan mutum 455 saboda fyaɗe, 405 daga cikinsu baƙaƙen fata ne. Kotun Ƙoli ta dakatar da hukuncin kisa a 1972, ta sake ba da dama a 1976 bayan jihohi sun gyara dokokinsu.

A 1987 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Warren McCleskey, baƙar fata da aka yanke wa hukuncin kisa a Jojiya saboda kashe ɗan sanda farar fata. Lauyoyinsa sun gabatar da binciken Farfesa David Baldus, wanda ya duba shari'o'in kisan kai fiye da 2,000 a jihar. Binciken ya nuna cewa wanda ake tuhuma da kashe farar fata ya fi wanda ake tuhuma da kashe baƙar fata shiga haɗarin hukuncin kisa da ninki 4.3. Kotun ba ta ƙaryata alƙaluman ba. Abin da alƙalai biyar suka ce, huɗu suka ƙi, shi ne alƙaluma ba su isa hujja ba, sai mai ƙara ya nuna cewa da gangan aka nuna masa bambanci a shari'arsa shi kansa. Wannan sharaɗi yana da wuyar cikawa ƙwarai, domin ba kasafai mai gabatar da ƙara ke bayyana abin da ke zuciyarsa ba. An kashe McCleskey a 1991. Lewis Powell, alƙalin da ya rubuta hukuncin, ya ce bayan ya yi ritaya da zai samu dama da ya sauya ƙuri'arsa.

Dokar hodar iblis

Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1986 ba ta ambaci launin kowa ba. Ta dai tanadi ɗaurin shekara biyar na dole ga wanda aka kama yana fataucin giram 5 na dunƙulen hodar iblis da ake kira kirak, abin da bai fi cikin ƙaramin cokali ba. Mai garin hodar kuwa sai ya kai giram 500 kafin ya samu wannan hukunci. Sinadarin ɗaya ne, amma kirak ya fi araha, ya fi yawa a unguwannin talakawa, kuma kusan kashi 80 cikin 100 ko fiye na waɗanda kotunan tarayya suka ɗaure a kansa baƙaƙen fata ne. Hukumar tsara hukunci ta tarayya ta ba da shawarar daidaita hukuncin a 1995, majalisa ta ƙi. Sai a 2010 aka rage tazarar daga 100 da 1 zuwa 18 da 1, a 2018 kuma aka ba waɗanda aka ɗaure tun kafin gyaran damar neman sassauci.

Halin da ake ciki

Rahoton hukumar na 2017 ya nuna cewa ɗaurin da ake yi wa maza baƙaƙen fata a kotunan tarayya ya fi na takwarorinsu farare tsawo da kashi 19.1 cikin 100. Na 2023 ya ce kashi 13.4. Fiye da kashi 90 cikin 100 na hukunce-hukunce ta hanyar amsa laifi bayan sasantawa da mai gabatar da ƙara ake yin su, saboda haka tuhumar da ya zaɓa tun farko ita ke yanke mafi yawan abin da zai biyo baya. A 2019 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kisan Curtis Flowers na Misisipi, wanda aka gurfanar sau shida kan laifi ɗaya, mai gabatar da ƙara kuma ya cire 41 daga cikin baƙaƙen fata 42 da aka kira don taya yanke hukunci. Yawan baƙaƙen fata da ake ɗaurewa ya ragu tun shekarun 2000, amma tazarar tana nan.

Saɓanin masana

Wasu na ganin yawancin tazarar daga bambancin yawan kama masu manyan laifuka da tsohon tarihin laifi da talauci take. Wasu kuma na cewa shi kansa tarihin laifin ya danganta da unguwar da 'yan sanda suka fi sa wa ido.

Wasu ƙasashe

A Birtaniya, binciken da ɗan majalisa David Lammy ya jagoranta a 2017 ya gano bambanci a Ingila da Wales, musamman a laifukan ƙwayoyi. A Kanada da Ostareliya 'yan asalin ƙasa ba su wuce kashi 5 cikin 100 na jama'a ba, amma su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunonin Ostareliya da na gidajen yarin tarayyar Kanada.