Kafin ki sa hannu a takardar tiyata

Kwanakin baya na raka Yayata wani asibiti a nan Jos, ƙari ne a mahaifarta yake sa ta zubar jini. Nas ta miƙo takarda da Turanci, ta nuna ƙasan shafin ta ce, "Hajiya, sa hannu nan." Na ce, "Yaya, kin san aikin da za a yi miki kuwa?" Ta ce, "Ai likita ya fi mu sani."

Cuta kam ya fi mu sanin ta. Sai dai dokar lafiya ta ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, ba ta bar shawarar a hannunsa shi kaɗai ba. Sashe na 23 ya ɗora wa ma'aikacin lafiya ya gaya wa majiyyaci halin da jikinsa yake ciki, da hanyoyin gwaji da na magani da ake da su, da amfanin kowace hanya, haɗarinta, kuɗinta da abin da ka iya biyo baya. Sannan ya sanar da shi cewa yana da ikon ƙi, ya kuma bayyana masa abin da ƙin zai jawo. Ana iya ɓoye masa halin jikinsa ne kawai idan akwai hujja mai ƙarfi cewa faɗar za ta cutar da shi.

Inda ya fi taɓa ni shi ne batun harshe. Sashen ya ce, gwargwadon iko, a yi bayanin da yaren da mutum yake ji, daidai da zurfin karatunsa. A garin da layin asibiti ɗaya ke haɗa mai jin Hausa, mai jin Berom da mai jin Afizere, takardar Turanci ita kaɗai ba ta sauke wannan nauyin. Na san likitocinmu layi ya yi musu yawa, amma minti biyar na bayani haƙƙi ne.

Tun a 2001 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa baligi mai cikakken hankali yana iya ƙin magani. A 2018 kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majiyyata a Abuja. Wanda likita ya tauye wa haƙƙi yana iya kai kuka ga MDCN, hukumar da ke sa ido kan aikin likitoci.

Da likita ya shigo, Yaya ta daure ta tambaya, "Likita, babu wata hanya sai wannan?" Ashe akwai. Ana iya gwada maganin rage zubar jinin, ko a cire ƙarin a bar mahaifa, duk da yana iya dawowa, ko a cire mahaifar gaba ɗaya, wanda shi ne ke rubuce a takardar. 'Ya'yanta biyu, kuma tana son ƙarin haihuwa. Ta mayar wa nas biro, ta ce a ba ta kwana biyu su yi shawara da maigidanta.